Harhaɗa tsohuwar motar COE

Harhaɗa tsohuwar motar COE aiki ne na sha'awa da wasu masu ƙaunar motoci suke yi a garejin gidajensu, musamman a Amurka da Kanada. Ana ɗauko kan tsohuwar motar ɗaukar kaya mai gajeren hanci, yawanci ta shekarun 1930 zuwa 1950, a ɗora shi a kan shasin wata mota ta baya-bayan nan, sannan a cike sauran da inji da giya da birki da bodi daga motoci daban-daban. Motar da ake samu a ƙarshe tana da fuskar da, amma kusan duk abin da yake juyawa a ƙarƙashinta sabo ne idan aka kwatanta da kan. Mafi wahalar aikin shi ne daidaita kan da aka ƙera don doguwar mota mai tafiyar hawainiya da shasin da aka ƙera don wani irin zama da wani irin gudu. Sitiyari da birki da takardun rajista su ne wuraren da aikin ya fi tsayawa.

Suna

COE taƙaitawa ce ta cab over engine a Turancin Amurka, ma'ana ɗakin direba a saman inji. A Ingila ana kiran wannan tsari forward control, a Jamus kuma Frontlenker, duka biyun suna nuni ne ga matsowar sitiyari zuwa gaba, ba ga wurin da inji yake ba. Hausa ba ta ware wa tsarin suna guda ba, wataƙila domin yawancin manyan motocin da ake gani yau a hanyoyin Arewacin Najeriya da Nijar irinsa ne, kamar DAF da MAN da Howo. An fi kiran kowace da sunan kamfaninta ko ƙirarta, kamar yadda sunan Canter na kamfanin Mitsubishi ya koma kanta a bakin Hausawa. A wannan maƙala, kalmar kai tana nufin ɗakin direba tare da ƙofofinsa da bonet da marufan tayoyin gaba, shasi kuma shi ne dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da na gicciye, waɗanda inji da aksil da bodi suke zaune a kansu.

Tarihin motocin

Tun farkon ƙarni na 20 wasu kamfanonin Amurka, irin su Autocar na jihar Pennsylvania, suna ƙera motocin da injinsu yake ƙarƙashin kujerar direba. Tsarin ya ja baya na ɗan lokaci, ya dawo a shekarun 1930. Ana yawan danganta ƙirar zamani ta farko ga Viktor Schreckengost, wanda ya zana wa kamfanin White irin wannan mota a shekarar 1932. Ford ya fara fitar da nasa daga masana'anta a 1938, Chevrolet ya biyo baya a 1939.

Dalilin dawowar doka ce. Jihohin Amurka da yawa sun ƙayyade tsawon mota gaba ɗaya, daga bamba zuwa ƙarshen bodi, saboda haka duk inci ɗaya da aka rage daga hanci ya zama wurin kaya. Gajeren hanci kuma yana sa mota ta juya a ƙaramin wuri, abin da masu raba kaya a lungunan birni suke buƙata.

Yawancin motocin wannan zamani ba su da shafaffiyar fuska irin ta kanta. Suna da ɗan gajeren bonet mai tsayi, rabin injin yana ƙarƙashinsa, rabi kuma ya shigo ƙarƙashin daɓen ɗakin direba. Kan ba ya kifuwa gaba, don haka bakanike sai ya cire faifan daɓe kafin ya kai ga bayan injin. White ya fitar da ƙirar 3000 mai kan da ke kifuwa a 1949, Ford kuma ya koma shafaffen kai mai kifuwa a 1957, ƙirar da ya ci gaba da yi har 1990. A 1982 wata dokar tarayya kan sufuri ta hana jihohi ƙayyade tsawon kan tirela da tirelarsa gaba ɗaya a manyan hanyoyi, daga nan masu doguwar tafiya suka koma ga motoci masu dogon hanci, waɗanda suka fi daɗin zama. A Turai, inda har yanzu ake ƙayyade tsawon tirela da kanta a mita 16.5, shafaffiyar fuska ce ta ci gaba da mamaye hanya.

Waɗanda masu harhaɗawa suka fi nema su ne Ford na 1938 zuwa 1947, Ford F-5 da F-6 na 1948 zuwa 1952, Ford na 1953 zuwa 1956, da Chevrolet da GMC na 1939 zuwa 1955. Akwai kuma masu neman Dodge da International da White da Diamond T, sai dai kayansu sun fi wuyar samu. Fim ɗin ban tsoro na Jeepers Creepers na 2001 ya yi amfani da Chevrolet COE ta 1941, wanda ya sa mutane da yawa da ba su da alaƙa da manyan motoci suka san siffarta.

Dalilin sauya shasi

An ƙera waɗannan motoci don ɗaukar tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu a hanyoyin gona da na cikin gari. Chevrolet na amfani da inji mai silinda shida a jere, lita 3.5 ko 3.9, Ford kuma da V8 ɗinsa mai lita 3.9 da ƙarfin doki kusan 100 a ƙarshen shekarun 1940. An zaɓi giyar aksil ɗin baya don jan nauyi, shi ya sa motar take fara kuka tun tana gudun kilomita 70 zuwa 80 a sa'a. Birkinta na ganga ne a duk tayoyin, kuma layin man birki guda ɗaya ne, idan ya fashe a wuri ɗaya duk birkin ya tafi. Wutarta bolt 6 ce, domin Chevrolet bai koma bolt 12 ba sai 1955, Ford kuma 1956. Sifirin ɗinta mai tauri ne ƙwarai idan babu kaya. Wasu kuma suna da rim mai rabuwa biyu, wanda kan iya tarwatsewa lokacin ba da iska ya kashe mai aiki, har yawancin masu gyaran taya a Amurka ba sa yarda su taɓa shi.

Ana iya gyara kowane ɗaya daga cikin waɗannan, amma idan aka tara kuɗin sai a ga sayen tsohuwar mota mai lafiyayyen shasi ya fi araha. Ita wannan mota ta biyu, wadda ake cire wa kai a jefar, ita ce take ba da shasi da aksil da birki da akwatin sitiyari, sau da yawa har da inji da giya.

Zaɓin motar da za a ɗauki shasinta

An daɗe ana amfani da a-kori-kurar Chevrolet da GMC mai ɗaukar tan ɗaya, mai tayoyi bibbiyu a baya, ta 1973 zuwa 1987, saboda arha da yawan kayan gyara. Shasin P30 na Chevrolet, wanda aka yi don motocin raba burodi da wasiƙu da motocin da aka mayar ɗakin kwana na matafiya, yana da wata fa'ida: tun asali direbansa a gaba yake zama, don haka akwatin sitiyarinsa yana kusa da inda tsohon kai yake buƙatarsa. Masu son dizal sukan nemi Dodge Ram mai injin Cummins na lita 5.9, wanda aka fara sa wa a 1989. Wasu kuma sukan ɗauki Isuzu NPR, wadda ita ma COE ce ta zamani.

Ma'auni biyu ne suke yanke hukunci. Na farko faɗin da ke tsakanin tayoyin gaba, domin idan ya zarce faɗin marufan taya na tsohon kai, tayoyin za su leƙo waje ko su riƙa gogar ƙarfe idan an karya kwana. Na biyu tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ford da Chevrolet na ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950 suna zuwa da inci 110 ko 134 ko 158, amma mai harhaɗawa yana zaɓar tasa gwargwadon bodin da zai ɗora. Mai son ɗaukar ƙaramar mota a baya yakan ƙara wa shasi tsawo, mai son gajeren bodi yakan rage. Ana yanka shasin a karkace ko a siffar harafin Z, a yi walda, a lulluɓe wurin da faifan ƙarfe. Shasin wasu manyan motoci na ƙarfe ne da aka gasa don ƙara masa ƙarfi, kuma walda tana lalata shi, irin wannan da kusoshi ake haɗa shi.

Wurin zaman inji

Hanyoyi biyu ne. Ta farko a bar injin a gaba, a ƙarƙashin kai, kamar yadda yake a asali. V8 na zamani ya fi tsohon inji mai silinda shida faɗi, saboda haka sai an yanke daɓe an gina masa akwati tsakanin kujeru biyu. Wannan yana cinye wurin ƙafa a ɗakin da dama ƙarami ne, yana kuma kawo zafi da ƙara. Idan aka ƙi yanke daɓe, dole a ɗaga kan sama, motar ta yi tsayi, alhali yawancin masu wannan aiki so suke ta kwanta ƙasa.

Hanya ta biyu a mayar da injin bayan kai, a tsakiyar shasi, a ɓoye shi ƙarƙashin bodi ko cikin akwatin da aka yi masa siffar ɗakin kwana. Daɓe yakan zauna a shimfiɗe, kan yakan sauko ƙasa, gyaran inji ya yi sauƙi. Matsalar sanyaya ce take biyo baya. Idan lagireto ya zauna a gaba inda iska take, sai an ja masa dogayen bututu, kuma iska takan maƙale a cikinsu ta hana ruwa zagayawa. Idan aka matsar da shi baya, ya dogara kenan ga fankar lantarki. Furofela, wato sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, takan gajarce, kuma gajeriyar furofela tana saurin karkacewa fiye da digiri 3 ɗin da ake so gaɓoɓinta su yi aiki a ciki, abin da ke kawo girgiza.

Injinan da aka fi gani su ne V8 na Chevrolet mai lita 5.7 da mai lita 7.4, da dangin LS da kamfanin ya fara fitarwa a 1997, sai dizal irin su Cummins da Duramax. Cummins mai lita 5.9 yana kai kusan kilo 500, nauyin da ya isa ya sauya halin motar gwargwadon inda aka ajiye shi. Akwai wata dabara da ba a cika yi ba: amfani da inji da giyar Oldsmobile Toronado ko Cadillac Eldorado masu jan tayoyin gaba. Da yake babu furofela zuwa baya, ana iya saukar da bodin ɗaukar mota ƙasa sosai. GMC ma ya yi amfani da tsarin Toronado a motocin kwanan matafiya da ya ƙera daga 1973 zuwa 1978.

Sitiyari

A nan ne aikin ya fi cin lokaci. A a-kori-kura direba yana zaune can bayan tayoyin gaba, sandar sitiyari tana gangarowa a hankali zuwa akwatin sitiyari da ke gaban ƙafafunsa. A COE direba yana zaune kusan a saman tayar, kuma sandar tana sauka kusan a tsaye kamar ta bas. Idan aka ɗora tsohon kai a kan shasin a-kori-kura yadda tayoyi za su zauna daidai tsakiyar marufansu, sai a tarar sandar tana nuna wani wuri, bakin akwatin yana kallon wani wuri dabam.

Ana haɗa su da gajerun sanduna da gaɓoɓi masu lanƙwasa. Gaɓa guda ba ta son karkata fiye da digiri 30 zuwa 35, bayan haka sitiyari yakan riƙa tauri da saki a zagaye ɗaya, ko ya cije. Idan gaɓoɓin sun wuce biyu, dole a sa wa sandar tsakiya matokari, in ba haka ba sai ta riƙa yawo. Wata mafitar ita ce ƙaramin akwatin giya mai juya motsi da digiri 90, wanda ake cirowa daga wasu motocin Japan masu gajeren hanci. Wasu kuma sukan cire akwatin sitiyarin su sake masa wuri, ko su sa na motar da direbanta yake zama a gaba. Wannan ya fi haɗari, domin idan tsawo da karkatar sandar da ke tura taya ba su dace da motsin sifirin ba, motar takan karkata da kanta duk lokacin da taya ta faɗa rami. Walda a kan sandunan sitiyari abu ne da masu binciken lafiyar mota a ƙasashe da dama ba sa karɓa, kuma da dalili: idan ta tsinke babu abin da zai maye gurbinta a wannan daƙiƙa. Fentin da ya ɓaci ana iya sake shi bayan shekara, amma sitiyari ba ya cikin abubuwan da ake bari sai daga baya.

Birki da wuta da tankin mai

Birkin shasin zamani, mai faifai a gaba da layin mai biyu, yana cikin manyan ribar sauyin. Abin da ya rage shi ne inda za a sa famfon birki, wanda kanikawa suke kira masta, da na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, domin gajeren bonet ba shi da wurinsu. Ana sa su ƙarƙashin daɓe, ko a gicciye ƙarƙashin dashbod da wani hannu mai juya motsin feda. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da na'urar ƙara ƙarfi ta motar fetur take aiki da ita, don haka ana amfani da wadda ke karɓar ƙarfi daga famfon sitiyari.

Tsofaffin wayoyi masu rigar zare ana cire su gaba ɗaya a sa sababbi na bolt 12. Injin LS da dizal na baya-bayan nan suna zuwa da kwamfutarsu, sai an rage wayoyinta an kuma cire mata tsarin hana sata kafin ta yarda ta tashi a wata mota. A yawancin motocin ɗaukar kaya na Amurka na wancan zamani tankin mai yana cikin ɗakin direba, bayan kujera ko ƙarƙashinta. Kusan kowa yana fitar da shi zuwa jikin shasi.

Aikin kai da bodi

Yawancin kawunan sun shafe shekaru a gonaki ko wuraren tara gwangwan, tsatsa ta cinye daɓe da ƙasan ƙofofi da kusurwoyin baya. A wasu ƙirar, gilashi da hannun ƙofa da wasu sassan ɗaki ɗaya ne da na a-kori-kurar kamfanin ta wannan shekara, kuma ana ƙera sababbinsu. Bonet da ragar gaba da marufan taya da matakala kuwa na COE ne kaɗai, ba a cika samun sababbi ba, shi ya sa kan da ya zo da su cikakku ya fi wanda ya fi shi kyau amma ba su tsada. Tsohon fenti da dalmar da aka cike gaɓoɓin ƙarfe da ita suna da guba idan aka goge su suka zama ƙura.

Kafin a yi waldar mazaunin kai, akan rataye shi a sama a riƙa saukar da shi a kan shasi ana ɗagawa, ana auna tayoyi da sitiyari da inji, sau da yawa. Ana zaunar da shi a kan roba don rage girgiza. Bodin baya kuwa ya danganta da mai shi: shimfiɗaɗɗen katako, bodin a-kori-kura da aka faɗaɗa, ko gangaren ɗaukar motar tsere, wanda yana cikin abubuwan da suka fara sa masu motocin tsere neman waɗannan kawuna. Wasu sukan haɗa kai biyu su sami ƙofa huɗu. Jakunkunan iska a maimakon sifirin suna ba motar damar kwantawa ƙasa idan ta tsaya ta kuma tashi idan za ta tafi. Akwai masu yi mata fenti mai sheƙi, akwai masu barin tsatsar da tsohon sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, su shafa mai ko fenti mara launi a kai.

Doka da lafiyar mai tuƙi

Mota mai kan 1950 da shasin 1985 da injin 2003 tana ta da tambayar wace mota ce a takarda. A Amurka kowace jiha tana da nata hukunci. Wasu suna bin lambar kai, wasu ta shasi, wasu kuma suna ba da sabuwar lamba bayan bincike a matsayin motar da aka harhaɗa. Lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 ba ta zama dole ba sai 1981, kafin nan akwai jihohin da suke yin rajista da lambar inji, wanda sau da yawa an riga an jefar da shi. Cire faifan lamba daga wata mota a manna wa wata laifi ne. Shekarar da aka rubuta a takarda ita ce kuma take nuna dokar hayaƙin da za ta hau kan motar. A Kalifoniya, misali, motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi. Ƙungiyar SEMA ta masu ƙera kayan ƙawata motoci ta tsara samfurin doka kan rajistar irin waɗannan motoci, kuma jihohi da dama sun ɗauka. Idan nauyin da aka amince motar ta kai ya kama fam 26,001 zuwa sama, wato kusan kilo 11,800, batun lasisin tuƙin motar kasuwanci yakan shigo. A Ingila motar da aka sauya wa tsari sosai tana iya buƙatar gwaji na musamman, wadda kuma ba a tabbatar da shekarunta ko asalinta ba akan ba ta lamba mai farawa da harafin Q.

Sabon shasi ba ya sauya abin da tsohon kai yake. Babu dogon hanci da zai murƙushe ya shanye karo, ƙafafun direba suna kusa da bamba, dashbod ƙarfe ne, kuma ba a yi wa ɗakin wurin ɗaura bel ba sai an ƙarfafa shi an yi. Ɗakin da aka tsara don gudun kilomita 70 yanzu yana iya kai 120.

Masu adanawa da masu sauyawa

Ba duk masu son tsofaffin manyan motoci ne suke maraba da wannan aiki ba. Ƙungiyar American Truck Historical Society, wadda aka kafa a 1971, ta tara mutanen da yawancinsu suka fi son a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, da injinta da launinta. A ganin irin waɗannan, duk kan da aka raba da shasinsa an rasa shaidar tarihi guda, tunda tsohon shasin da injin galibi gwangwan suke komawa. Masu sauyawa kuma suna cewa motar tan biyu mai gudun kilomita 70 ba ta da mai tuƙa ta a hanyar yau, kuma yawancin kawunan da suke saye a ƙasa aka same su, ba inji ba takarda. Buƙatarsu ta ɗaga farashin kawunan da a da ake bayarwa a kuɗin ƙarfe, har akwai masu yawo gonakin jihohin yamma masu busasshiyar iska, inda tsatsa ba ta cika ci ba, suna saye suna sayarwa.